Yadda Ake Bi da Laƙubban Tebur Idan Za a Sauya Rumbun Bayanai

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk wani lasisin manhaja da ake biya da dala ya zama abin tattaunawa a ofisoshin Legas. Shi ya sa daga Yaba zuwa Ikeja za ka riƙa jin ana maganar sauya manhajar rumbun bayanai, a bar Oracle a koma PostgreSQL, ko a kwashe daga SQL Server zuwa wani wuri mai sauƙin kuɗi. Idan an zauna tsara wannan ƙaura, hankalin kowa yana kan teburori da yawan layukan da za a kwashe. Laƙubba kuwa, wato sunayen da ake ƙirƙira da CREATE SYNONYM a Oracle da SQL Server, ko CREATE ALIAS a Db2, sai a bar su a ƙarshen takarda saboda ba su ɗauke da bayanai. Amma su ne ke faɗa wa manhaja wane tebur ake nufi idan ta ambaci suna, don haka idan aka yi musu kuskure, bayanai za su isa sabon gida lafiya lau, manhaja kuma ta riƙa karanta inda bai dace ba.

Abu biyu ya kamata ka riƙe game da laƙabi. Na farko, da suna yake aiki, kuma sai lokacin da aka kira shi ake neman abin da yake nunawa. Na biyu, a Oracle ba ya ɗauke da izini. Kamar yaron da ka tambaya a kasuwar Mile 12 ya yi maka kwatancen rumfar mai albasa ne: ya nuna maka wurin, amma bai ba ka mabuɗi ba. Babu ɗaya daga cikin abubuwan da ake maye gurbinsa da su wanda ya haɗa waɗannan halaye biyu daidai. Saboda haka ba a yi wa laƙubba kuɗin goro. Kowanne sai an gano aikin da yake yi kafin a zaɓa masa magaji.

A wannan jagora zan yi misali da kamfanin da ke riƙe lissafin 'yan kasuwar da ke sauke kayan gwari daga Arewa. Yana da sikima uku a Oracle, wato rukunonin da ake kasa teburori a ciki: KASUWA, ASUSU da RAHOTO, kuma zai koma PostgreSQL. Inda SQL Server ko MySQL suka bambanta zan faɗa.

Mataki na ɗaya: ƙirga su duka

A Oracle, jerin yana cikin DBA_SYNONYMS. Idan ka buɗe shi haka kawai za ka ga dubbai, saboda Oracle kansa yana amfani da laƙubba na kowa da kowa; DUAL ma da ake kira kullum laƙabi ne da ke nuna SYS.DUAL. Ka tace naka da wannan, daga Oracle 12c zuwa sama:

```
SELECT s.owner, s.synonym_name, s.table_owner,
       s.table_name, s.db_link, o.object_type
FROM dba_synonyms s
LEFT JOIN dba_objects o
  ON o.owner = s.table_owner
 AND o.object_name = s.table_name
WHERE s.db_link IS NOT NULL
   OR s.table_owner NOT IN
      (SELECT username FROM dba_users
       WHERE oracle_maintained = 'Y');
```

Ka lura da sharaɗin db_link da ke farko. Laƙabin da ke nuna wani rumbu na nesa yana iya zuwa babu komai a gurbin table_owner, kuma NOT IN yana zubar da irin wannan layin ba tare da ya ce uffan ba. Waɗannan kuwa su ne mafi wahalar sha'ani, bai kamata su ɓace tun a ƙirga ba. Kada sunan table_name ya ruɗe ka: abin da ke ciki yana iya zama taga da aka yi da CREATE VIEW, ko maƙirgin lambobi na CREATE SEQUENCE, ko fakiti, wato ƙunshin umarnai da aka adana a cikin rumbu, ko ma wani laƙabin. Za ka ga wasu sun fito sau biyu, kamar fakiti da gangar jikinsa. Wannan ba matsala ba ce.

A SQL Server jerin yana cikin sys.synonyms, gurbin base_object_name shi ke ɗauke da cikakken sunan abin da ake nufi, kuma PARSENAME da lamba 4 zai ciro maka sunan saba idan akwai. A Db2 na Linux da Windows, ka duba SYSCAT.TABLES inda TYPE yake 'A'.

Ka zuba sakamakon a takardar Excel ɗaya wadda kowa a aikin zai iya gani.

Mataki na biyu: fitar da matattu, warware sarƙa

Oracle yana barin mutum ya yi laƙabi ga abin da babu shi, kuma idan aka goge tebur laƙabinsa yana nan zaune. Duk layin da object_type ya zo fanko kuma babu db_link, matacce ne. Wanda ya kira shi zai sami ORA-00980. Kada ka ɗauke shi zuwa sabon gida.

Sai kuma laƙabin da ke nuna laƙabi. Ka bi kowace sarƙa har ƙarshenta ka rubuta ainihin abin da ke can. Wannan dole ne ko da SQL Server za ka koma, domin shi bai yarda laƙabi ya tsaya a kan wani laƙabi ba. Idan sarƙar ta zagayo kanta, ita ce ke ba da ORA-01775, ita ma a jefar.

Mataki na uku: wa ke kiran kowanne?

DBA_DEPENDENCIES zai nuna maka tagogi da furosijoji, wato ƙananan shirye-shiryen da aka adana a cikin rumbun, waɗanda suka dogara da laƙabi. Iyakarsa ke nan. Ba ya ganin umarnin da aka haɗa a matsayin rubutu aka tura da EXECUTE IMMEDIATE, ba ya ganin manhajar Java ko PHP da ke waje, ba ya ganin takardar Excel ɗin da akanta ya jona da ODBC tun shekarun baya. Don haka sai ka bi lambobin manhaja da grep, umarnin neman kalma a cikin rubutu, suna bayan suna, ka leƙa V$SQL don ganin abin da aka tura kwanan nan, sannan ka tashi daga kujera ka je wurin mutane.

Wannan na ƙarshen shi ake rainawa, alhali ya fi saurin ba da amsa. A kusan kowane ofishi akwai dattijon da ya ga lokacin da aka kafa tsarin. Ka same shi da takardarka: "Malam, wannan CINIKI da ke nuna CINIKI_B, me ya sa aka yi shi haka?" Sau da yawa amsar za ta zo kamar haka: "Ai da daddare ake juya shi. Yau B, gobe A. Kada ka taɓa shi sai ka ga aikin da ke tashi ƙarfe biyu." Jimla irin wannan ba ta cikin kowane kundin tsarin, kuma ita ce za ta hana ka yin ɓarna a mataki na shida.

Bayan wannan zagaye, ka rubuta wa kowane laƙabi aikinsa. Yawanci ba sa wuce waɗannan: ɓoye sunan sikima don manhaja ta ce KWASTOMA maimakon ASUSU.KWASTOMA, riƙe tsohon suna bayan an sauya wa tebur suna, juyawa tsakanin teburori biyu, nuna rumbu na nesa, ko nuna abin da ba tebur ba.

Mataki na huɗu: masu ɓoye sunan sikima

Waɗannan su suka fi yawa, kuma a nan ne aka fi yin asarar da ba ta da ƙara. PostgreSQL na asali ba shi da CREATE SYNONYM. Sigar kamfanin EDB mai suna Postgres Advanced Server ce ke da shi. Abin da PostgreSQL na asali yake da shi shi ne search_path, wato jerin sikimomin da zai bi ɗaya bayan ɗaya idan aka ba shi suna tsirara. Asalin saitinsa shi ne "$user", public. Idan sunan laƙabi daidai yake da sunan teburin, ba ka buƙatar ƙirƙirar komai, sai dai ka gyara hanyar:

```
ALTER ROLE manhaja SET search_path = asusu, kasuwa;
```

Ka ɗora shi a kan asusun shiga kamar haka, ko a kan rumbun da ALTER DATABASE. Kada ka dogara da SET da manhaja ke turawa bayan ta haɗu, musamman idan akwai PgBouncer a tsakani yana rabon haɗi bisa kowace mu'amala. A wannan yanayi saitin yana iya maƙalewa a haɗin da wani zai gada, kai kuma a ba ka wanda ba shi da shi.

Ga inda haɗarin yake. A Oracle, idan aka kira suna, ana fara duba sikimar mai kiran, har da laƙubbansa na kansa, sannan a duba na kowa da kowa. Kowane laƙabi suna ɗaya tak yake buɗewa. Shi kuwa search_path sikima sukutum yake buɗewa. A misalinmu, laƙabin KWASTOMA yana nuna ASUSU, na CINIKI yana nuna KASUWA. To amma a cikin ASUSU akwai wani tsohon tebur shi ma mai suna CINIKI, wanda aka daina zuba masa bayanai tuntuni, ba wanda ya goge shi domin ba wanda ke isa gare shi. Da ka sa asusu a gaban kasuwa, duk rahoton da ya ce FROM ciniki zai faɗa kan tsohon. Ba kuskuren da zai fito a allo. Rahoto zai fita da kyakkyawan tsari, sai dai cinikin Alhajin da ya sauke tirela biyu na tumatir a makon nan ba ya ciki, kuma ba za a sani ba sai ya zo ofis da rasit a hannu.

Maganin shi ne ka nemo sunayen da suka maimaitu kafin ka tsara jerin:

```
SELECT c.relname, count(*)
FROM pg_class c
JOIN pg_namespace n ON n.oid = c.relnamespace
WHERE n.nspname IN ('asusu','kasuwa','rahoto')
  AND c.relkind IN ('r','p','v','m','f','S')
GROUP BY c.relname
HAVING count(*) > 1;
```

Duk sunan da ya fito, ko dai a sauya wa tsohon suna, ko a mayar da shi wata sikimar ajiya da ba ta cikin hanyar, ko a rubuta cikakken suna a manhaja. Ni na fi son na ƙarshen a duk inda lambobin manhajar suke hannunku, domin wanda zai karanta bayan ku ba sai ya yi ta lissafin wace sikima ce ta riga wata ba. Ka kuma sani cewa CREATE TABLE da ba a faɗi sikima ba yana sauka ne a ta farko da ke cikin jerin, don haka jerin yana shafar inda sabbin abubuwa za su zauna.

Fankishin ɗin da aka yi da SECURITY DEFINER kuwa, a rubuta masa nasa search_path a jikinsa. Idan aka bar shi yana bin na mai kira, wanda ke da ikon ƙirƙirar abu a wata sikimar da ke gaba zai iya dasa nasa da suna iri ɗaya, a gudanar da shi da ikon mai fankishin. Irin wannan ɓaraka ce aka yi wa rajista da CVE-2018-1058, kuma tana cikin dalilan da suka sa PostgreSQL 15 ya janye wa kowa da kowa ikon ƙirƙira a sikimar public.

Idan SQL Server ne masaukin, babu laƙabin kowa da kowa irin na Oracle. Ana fara duba sikimar da aka ɗora wa mai shiga, sannan dbo, don haka a dbo ake zuba su.

Mataki na biyar: masu riƙe tsohon suna

Idan sunan laƙabi ya bambanta da na tebur, taga ce mafita:

```
CREATE VIEW rahoto.abokan_ciniki
WITH (security_invoker = true) AS
SELECT * FROM asusu.kwastoma;
```

Tun daga PostgreSQL 9.3 na 2013, taga mai sauƙi irin wannan tana karɓar INSERT da UPDATE da DELETE kai tsaye. Ora2Pg, manhajar ƙaura ta Gilles Darold, haka take mayar da laƙubba idan ka ce ta fitar da su. Aikinta yana da kyau, amma ka karanta abin da ta rubuta layi-layi kafin ka zuba, domin ita ba ta je wurin Malam ta tambayi dalili ba.

Maganar security_invoker ita ce ta fi damuna a nan. A Oracle, mai kiran laƙabi sai yana da izini a kan ainihin teburin. Taga a PostgreSQL kuwa, bisa asali, da izinin mai ita take karanta tebur. Ke nan idan babban asusu ne ya ƙirƙiri tagogin, sannan aka ba ma'aikatan rahoto izinin karanta duk abin da ke sikimar rahoto don a huta, an miƙa musu lambobin waya da BVN na kwastomomi waɗanda a da ba sa iya gani. Ƙa'idojin tsaro na matakin layi, masu taƙaita layukan da kowa zai iya gani, su ma da sunan mai tagar za a auna su. Wannan amanar mutane ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani nauyinta. Zaɓin security_invoker ya zo ne a PostgreSQL 15 na Oktoban 2022. Da shi, mai kira sai yana da izini a kan tagar da kuma teburin, wanda shi ne mafi kusa da halin laƙabi. Idan sigarku ta girmi wannan, a ba da izinin kowace taga ɗaya bayan ɗaya, daidai da wanda ke kan teburinta. A MySQL ana samun haka da SQL SECURITY INVOKER.

Akwai kuma abubuwan da taga ba ta yi. Tauraron da ke cikin SELECT ana fassara shi ne ranar da aka ƙirƙiri tagar, don haka ginshiƙin da aka ƙara wa tebur daga baya ba zai bayyana ba sai an sake yin CREATE OR REPLACE VIEW. Ba za ka iya sauya nau'in ginshiƙin da taga ke amfani da shi ba sai ka sauke ta. TRUNCATE ba ya aiki a kanta, COPY ba ya zuba bayanai cikinta sai an haɗa mata INSTEAD OF INSERT, kuma FOREIGN KEY ba ya nuna ta. Duk aikin lodin dare da ke taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, a gyara shi ya kira teburin da sunansa.

Mataki na shida: masu juyawa

Ga abin da Malam ya yi gargaɗi a kai. A Oracle ana loda CINIKI_B da dare alhali mutane na karanta CINIKI_A, in an gama sai a yi CREATE OR REPLACE SYNONYM a juya. Wasu kuma sunayen teburorin suke musanyawa su bar laƙabin yadda yake, tunda suna yake bi.

Taga a PostgreSQL ba suna take bi ba, lambar cikin gida ta teburin take riƙewa. Idan ka sauya wa tebur suna, tagar za ta bi shi zuwa sabon sunan. Don haka dabarar musanya suna ba za ta yi aiki ba: za a loda sabon bayani, tagar kuma ta ci gaba da nuna na jiya. Idan aikin ya zo goge tsohon teburin, PostgreSQL zai ƙi saboda tagar ta dogara da shi, kuma wanda ya ƙara CASCADE don ya wuce wurin ya goge tagar da izinonin da ke kanta.

A sake rubuta aikin ya zama ita tagar ake juyawa da CREATE OR REPLACE VIEW. Sharaɗin shi ne ginshiƙai su zo da suna da nau'i da jeri iri ɗaya. Ƙari a ƙarshe kawai aka yarda da shi. Wani sauƙi da za ka samu: a PostgreSQL irin wannan umarni yana shiga tsakanin BEGIN da COMMIT, in wani abu ya lalace a janye duka, saɓanin Oracle da ke tabbatar da shi nan take. A SQL Server babu umarnin gyara laƙabi, sai DROP sannan CREATE, kuma izinin da ke kansa sai an sake bayarwa.

Mataki na bakwai: na nesa, da waɗanda ba tebur ba

Laƙabin da ke da db_link ana maye shi da teburin waje: postgres_fdw idan ɗaya ɓangaren PostgreSQL ne, oracle_fdw idan har yanzu yana Oracle. Teburin waje yana karɓar duk sunan da ka ba shi, don haka shi kansa ya zama laƙabin. Ka gwada manyan tambayoyin da EXPLAIN VERBOSE ka ga ko sharaɗin WHERE yana tafiya can, ko kuwa teburin gaba ɗaya ake jawowa ta waya. Idan saba ɗaya tana Lekki ɗaya tana Ikeja, ko tana Turai, bambancin zai fito fili.

Maƙirgin lambobi ba a yi masa taga. Ko search_path ya kai gare shi, ko a gyara kiran nextval ya ɗauki cikakken suna. Kada a ƙirƙiri na biyu da sunan laƙabin, domin maƙirgi biyu za su ba da lambar rasit iri ɗaya. Fankishin da furosija ana yi musu ɗan ƙaramin wakili mai tsohon sunan da ke miƙa kira. Fakiti kuwa babu shi a PostgreSQL na asali. Al'ada ita ce a mayar da kowanne sikima, sai kiran da ake yi da sunan fakiti, ɗigo, sunan fankishin ya ci gaba da aiki, matuƙar sunan sikimar ya dace da wanda manhaja ke kira.

Mataki na takwas: haruffa da tsawon suna

Oracle yana mayar da sunan da ba a sa wa alamar zance ba manyan haruffa, PostgreSQL kuma ƙanana. Idan manhajar ƙaura ta ƙirƙiri "CINIKI" cikin alamar zance, FROM ciniki ba zai same shi ba. A mayar da komai ƙananan haruffa. MySQL a kan Linux yana bambanta manya da ƙanana a sunan tebur, kuma a siga ta 8.0 ba a sauya lower_case_table_names bayan an kafa sabar.

Tsawo ma a duba. Oracle yana tsayawa a bayit 30 kafin 12.2, daga nan ya koma 128. PostgreSQL 63 yake ɗauka, ya datse sauran da 'yar sanarwa kawai, don haka dogayen sunaye biyu masu farko iri ɗaya za su yi karo. Bayit ake ƙirgawa, kuma ƙ da ɗ da ɓ kowanne biyu yake ci a UTF-8.

Mataki na tara: gwaji da asusun kowa

Kada ka yi gwaji da babban asusu, shi komai yana buɗe masa. Ka shiga da asusun manhaja, da na rahoto, da na lodin dare, kowanne da haɗinsa sabo, domin SET ROLE ba ya ɗauko search_path ɗin da aka ɗora wa asusu. Ga kowane suna a takardarka ka tambaya:

```
SELECT relnamespace::regnamespace, relname
FROM pg_class
WHERE oid = to_regclass('ciniki');
```

Amsar ta dace da abin da ka rubuta a mataki na biyu. Sannan ka ƙirga layuka ta laƙabin a tsohon rumbu da ta magajinsa a sabo, ka haɗa jimillar kuɗi a duka biyun. Ka gwada kuma abin da ya kamata a hana: asusun rahoto ya nemi teburin kwastoma, a ga an ƙi shi.

Bayan an juya, yawanci a daren Juma'a ko Asabar, ka riƙa bin kundin kurakurai kana neman lambobi uku: 42P01 na teburin da ba a samu ba, 42883 na fankishin da ba a samu ba, da 42501 na rashin izini. Ka bar tsohon rumbun a kunne, a yanayin karatu kawai, har a rufe lissafin ƙarshen wata, domin akwai laƙubban da aikin albashi da rahoton haraji kaɗai ke kira. Waɗanda rahoton ƙarshen shekara ke amfani da su kuwa, ka gudanar da rahoton bara a sabon rumbun tun yanzu ka kwatanta da kwafin da ke hannun akanta.